Injin da Ya Ci Gonar Bangi

Madawa, ranar Talata

Zuwa ga ɗiyata Saratu, a Keita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangiji. Ina fata kin sauka lafiya, hanyar Buza ba ta jijjiga ki da yawa ba, kuma kin samu masauki mai kyau. Innarki na gaishe ki. Kullum safe kamin mu karya sai mun ambaci sunanki, muna roƙon Allah ya tsare fitarki da shigarki, ya haɗa ki da mutanen kirki a garin da ba ki da kowa.

Ranar da za ki tafi, muna tsaye a tasha ana ɗaure kayanki bisa mota, kinka yi mini wata tambaya. Kinka ce mutanen ƙungiyar da sunka ɗauke ki ki riƙe musu atiliyen yin bencunan da ɗalibai ke zama a lekwal sun rabu biyu. Wasu na so a sayi injin lanƙwasa bututun ƙarfe, a dinga yin ƙafafun benci a gida. Wasu kuma na cewa a ci gaba da sayo su a lanƙwashe daga Tawa. Kinka ce, "Baba, kai mi ka gani?" Ni kuma na ce miki Allah ya yi jagora, na juya ina duban igiyar kaya kamar akwai abin gyara a wurin. Ba rashin amsa ba ne. Amsar ce ta bi ta cikin abubuwan da nake jin kunyarsu, kuma tasha ba wurin faɗinsu ba ce. Shi ya sa na zauna da bik da takarda, safiya huɗu ke nan ina rubutu kaɗan-kaɗan kamin in buɗe atiliye.

Kin san a atiliyen asibitin mishan na koyi aikin ƙarfe, ina gyaran gadaje da yin sandunan dogarawa ga masu karaya. Da na buɗe nawa wurin a nan Madawa, kina goye a lokacin, abu biyu nake yi: amalanken jaki da keken guragu. Komai na amalanke da hannuna nake haɗa shi, in banda ƙarfen nan na tsakiyar taya da muke kira cibiya. Ita sai an sassaƙe ta da injin tur, ni kuma ba ni da shi. A Ƙonni nake sayowa wurin wani ɗan kasuwa, jika takwas, wato sefa dubu takwas, kowace guda.

Wata rana na je, ya bar ni zaune bakin kantinsa tun hantsi har la'asar yana sallamar waɗanda sunka fi ni kuɗi. Da na yi ƙorafin tsada sai ya ce, "In ka iya yi, je ka yi mana." Maganar ta biyo ni har cikin mota. Ina zaune a matse ina lissafi da yatsu: ƙarfe, da ƙwallayen da taya ke juyawa a kansu, da kuɗin kuran, wato wutar lantarki, duka ba su wuce jika biyar ba. Ashe jika uku nake zubarwa a kan kowace cibiya! Kamin mu iso Madawa na riga na sayi injin a raina.

Injin tur na hannu, wanda ya sha aiki amma yana da sauran ƙarfi, jika ɗari tara anka ce. Na sayar da bajimai biyu, na sayar da rabin gonar da kakanki ya bar mini a Bangi, gefen nan na kwari inda dawa ke yin tsawon mutum da rabi. Tunda ban iya sarrafa injin ba, na je Buza na ɗauko Haruna, wanga da kinka taso kina kira Kawu, na yanka masa albashin jika talatin a wata. Ya kwaso matarsa da ɗiyansa, ya dawo Madawa bisa maganata.

Innarki tambaya guda ta yi mini tun kamin in sa hannu a takardar gona. Ta ce, "Maigida, amalanke nawa kake yi a shekara?" Na ce mata ta kula da kaskon ƙuli-ƙulinta, ta bar wa maza maganar ƙarfe. Ta koma kan kaskonta. Shekara ashirin da wani abu ke nan, kuma har yau in na tuna amsar nan sai na ji kaina ya yi nauyi.

Cibiyoyin Haruna sun yi kyau, sun fi na Ƙonni. Sai dai gida ya fara ramewa ban san dalili ba. Nama ya ɗauke ƙafa daga miya. Kuɗin lekwal ɗin yayanki ya fara makara. Injin kuwa ya yi aikin mako guda ya gama abin da nake buƙata, sannan ya kwanta mako uku a rufe da buhu, Haruna na zaune gindin bedi yana korar ƙudaje.

Wata Lahadi bayan mun dawo majami'a, innarki na zaune bisa tabarma tana ɓarar gyaɗa, na zauna kusa ina ta tsaki. Ta ce, "Maigida, in ba za ka yi fushi ba, bari mu ƙirga tare." Na ce ta ƙirga.

"Kowace cibiya da kunka yi a gida, nawa take rage maka?"

"Jika uku."

"Guda nawa kuke buƙata a shekara?"

"Amalanke talatin, taya biyu-biyu. Sittin."

Ta ce kowace ƙwarar gyaɗa ta zama jika goma. Ta ƙirga goma sha takwas ta aje a damana. "Ga abin da injin ya kawo maka a shekara, jika ɗari da tamanin. To albashin Haruna na wata goma sha biyu fa?"

Na ce ɗari uku da sittin. Ta ƙirga talatin da shida ta aje a haguna. Na dubi tsibi biyun, ɗaya ya ninka ɗaya.

Ta ce, "Ba mu ma taɓa kuɗin injin ba tukuna. Wanga tsibin na hagu, ko kun yi cibiya ko ba ku yi ba, sai ka biya shi. Sai kun yi ɗari da ashirin a shekara kamin albashi kaɗai ya fita. In kuma kana so kuɗin gona da bajimai su dawo cikin shekara biyar, ƙara sittin. Ɗari da tamanin ke nan. Kai kuma sittin kake yi."

Na tambaye ta ina ta koyo wannan, ita da ba ta wuce aji uku ba. Ta ce matan zumunta na majami'a sun sha ce mata ta sayi injin niƙa ta huta da biyan mai niƙa. Sai ta ƙirga tiya nawa take niƙawa a mako, ta ga ko ta tsufa tana tuya kuɗin injin ba zai fita ba. Ta ce, "Shi mai niƙa gari duka yake yi wa aiki, shi ya sa injin ke ciyar da shi. Ni ƙuli-ƙulina kaɗai zai niƙa." Ta kwashe gyaɗarta ta zuba a ƙwarya. Ba ta tuna mini da zancen kasko ba, ranar nan ko bayanta. Na gode wa Allah da ya ba ni ita.

To ɗiyata, ga abu na farko. Kuɗin yin abu iri biyu ne. Akwai wanda ke tafiya da kowace guda da kinka yi, kamar ƙarfe da kuran da fenti. Akwai kuma wanda ke zaune daram, ko an yi aiki ko an kwana, kamar kuɗin injin da albashin mai riƙe shi da hayar wuri da gyara. Ni na farkon kaɗai na ƙirga cikin mota, don shi ke ba ni amsar da nake so. Ki cire kuɗin yin guda ɗaya daga kuɗin sayenta, abin da ya rage shi ne rangwamen da kike samu. Ki raba kuɗin nan na zaune da rangwamen. Adadin da ya fito shi ne iyaka. In abin da kuke buƙata a shekara bai kai shi ba, saye ya fi. In ya wuce shi da tazara, yi ya fi. Na san a makarantar sana'a an koya muku wannan da sunansa na Faransanci, har da zane. Abin da ƙila ba a gaya muku ba shi ne mutum mai fushi ba ya ƙirga daidai. Kada ki yanke irin wannan shawara ranar da wani ya ɓata miki rai. Kuma ki auna da shekarar da damina ta gaza, ba da shekarar da kowa ke da kuɗi ba.

Da na tsaya nan da da sauƙi. Amma na san gaskiya, na ƙi ɗaukarta har kusan wata takwas. Don kada a ga injin a kwance, sai na fara ƙirƙira masa aiki. Na sa Haruna ya dinga sassaƙa bulon, waɗannan kusoshin masu zare da ake sayarwa tsibi-tsibi a kowane kanti. Ya yi kwana uku yana fama, ya ɓata ƙarfe mai kyau, abin da ya fito bai kai kuɗin abincin rana biyu ba. Ni kuwa ina jin ƙarar injin ina jin daɗi, wai ana aiki.

Haruna ne ya gaji. Ya same ni da safe ya ce, "Maigida, ni ba yaro ba ne, na ga abin da ke faruwa. Albashina daga bakin ɗiyanka yake fita. In ka yarda in koma Buza." Na dubi mutumen da na tayar daga garinsu da iyali, na rasa inda zan sa idona. Sai ya ce akwai wata hanya: duk masu yin amalanke na yankin nan Ƙonni suke zuwa, mi zai hana mu yi musu cibiya? Na ce a'a. Abokan gasa ne, ba zan gyara musu kaya su ƙwace mini kasuwa ba.

Ranar kasuwar Bangi na kai amalanke biyu. Akwai wani maƙeri a can, Malam Idi, wanda gonar ubansa ke maƙwabtaka da ta kakanki, shi ma amalanke yake yi. Ya fito daga sallar azahar, ya zo ya durƙusa, ya ɗaga taya ya juya ta. Ta yi ta juyawa ba ƙara ba karkata. Ya ce, "Iliya, wa ya yi wannan?" Na ce a gidana anka yi. Ya miƙe ya dube ni. "Ni da kai rijiya guda munka sha muna yara. Ina kashe kwana biyu zuwa Ƙonni, kai kuma injin na barci a gidanka, ba ka gaya mini ba? Ko don ni masallaci nake zuwa?" Na rantse masa ba haka ba ne, tsoron gasa ne. Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce, "Jakunan ƙasar nan ta Adar sun fi ƙarfinmu mu biyu. Ka yi mini arba'in, a kuɗin da nake saye."

Bai tsaya nan ba. Ya kawo mini wani maƙeri daga Buza, wannan kuma ya kawo ɗan'uwansa na Tamaske. A shekara ta uku munka wuce ɗari da tamanin ɗin innarki. Haruna bai koma ba, ɗiyansa a nan sunka yi karatu. A shekara ta bakwai kuɗin injin ya gama dawowa. Gonar ce ba ta dawo ba. Na je da kuɗi, wanda ya saya ya ce ɗiyansa a cikinta suke ci, kuma yana da gaskiya. Duk damina in na wuce ina ganin dawarta daga hanya.

Abu na biyu ke nan. Ba wayona ya fitar da mu ba, alherin Malam Idi ne da haƙurin Haruna, kuma ba kowa ke samun irinsu ba. In lissafinki bai kai iyaka ba, ko dai ki bar injin, ko ki nemo waɗanda za su kawo masa aiki. Amma ki ji maganarsu kamin ki fitar da kuɗi, ba bayan kin fitar ba. In kuma kinka ga kin yi kuskure, ki faɗe shi da wuri. Kowane watan da na ɓoye nawa, sai da ya ƙara tsada.

Na ukun ya fi min ciwo, don ba ni na ɗauki wahalarsa ba. Bayan abin injin sai na karkata ɗaya gefen, duk abin da sayensa ya fi araha sai in saya. Keken guragu na da wani ƙarfe mai reshe biyu da ke riƙe tayar gaba. Da mu muke yinsa da bututu mai kauri, yana cin jika bakwai. Sai ga wasu sun shigo kasuwa a haɗe, da fenti mai sheƙi, jika huɗu. Haruna ya ɗaga guda a hannu ya ce, "Maigida, wanga bai da nauyi." Na ce masa lissafi ya riga ya yi magana. Ina ma jin kaina wai na zama mai hankali.

Wata mata ce daga Garhanga, sunanta Hajara, shan inna ya riƙe ƙafafunta tun tana ƙarama. Ɗinki take yi da keken hannu, da shi take ci da kanta da tsohuwarta. Daga asibiti anka turo ta wurina, na yi mata keken guragu da sabon ƙarfen nan. Kin san duwatsun ƙasar can, yanzu ma kina cikinsu. Wata na biyu, tana gangarowa kasuwa, ƙarfen ya karye. Ta faɗi ta tokare da hannun dama, wuyan hannun ya karye. Ƙanenta ya zo har Madawa, ya aje guntun ƙarfen bisa teburina, ya gaya mini abin da ya faru. Na duba bakin karayar, bai fi kaurin gwangwani ba.

Washegari na tafi Garhanga. Na same ta a zaure da hannu a ɗaure, keken ɗinkinta rufe da zane a gefe, ga sallah ta kusa, lokacin da take samun abin shekara. Na durƙusa na fara ba da haƙuri. Ta katse ni ta ce, "Malam Iliya, ban aika a kira ka don faɗa ba. Guda nawa ka sayar masu irin wanga ƙarfe?"

Na ce goma sha ɗaya, har da nata.

Ta ce, "To mi kake yi a nan? Je ka karɓo goman kamin wani ya faɗi. Ni nawa ya riga ya faru."

Mako biyu muna yawo ni da Haruna, ƙauye-ƙauye, muna cire ƙarfen muna sa namu. Biyu daga ciki mun same su sun fara tsagewa, ɗaya na wani malamin lekwal ne da ke haye tudu kullum. Duka abin da na rage a kekunan nan jika talatin da uku ne. Hajara ta yi wata uku ba ɗinki. Na ɗauki nauyin maganinta da hatsin gidansu, amma sallar shekarar ta wuce ta, kuma har yau hannun na yi mata ciwo lokacin sanyi. Duk da haka, da ta warke, ita ta dinga turo mini mutane. Ban san yadda ake gode wa irin wannan ba.

Saboda haka, Saratu, in kin gama lissafi, ki ƙara tambaya guda: in abin nan ya karye, wa ke bisa? Fenti da bulon ki saya inda ya fi araha. Amma abin da ke ɗauke da nauyin mutum, ko ki yi shi da hannunki, ko ki saya wurin wanda kinka ga aikinsa da ido, kinka yanka guda kinka duba kaurinta. A kan bencunanki yara uku-uku za su zauna, su hau, su yi tsalle.

Ba zan ce miki ku sayi injin ko ku bari ba, don ban san adadinku ba. Ki bincika benci nawa anka yi oda da gaske a shekarun baya, ba wanda anka yi alkawari da baki ba. Ki tambaya wa zai riƙe injin, nawa zai ci, ina ake samun kayan gyaransa, kwana nawa kuran ke ɗaukewa a wata. Ɗaya gefen ma ki ƙirga masa nasa: kuɗin mota daga Tawa, da ranakun da za ku zauna jira in ruwa ya yanke hanya. Ki je Tamaske ki ji ko maƙeran can za su kawo aiki. Mutanen ƙungiyar sun girme ki, yawancinsu maza ne, wasu ba za su so yarinya ta gyara musu magana ba. Kada ki yi gardama da su. Ki shimfiɗa lissafin inda kowa zai gani, har wanda bai iya karatu ba, ki bar su su ƙirga da bakinsu. In wani ya yi wata ƙaramar tambaya da ta ba ki haushi, ita za ki fara amsawa.

Idona ya fara gajiya, bari in taƙaita. In na dubi baya ba asara nake gani ba, mutane nake gani da Allah ya tsayar mini a kowace kwana. Ke ma kina cikinsu. Shekara biyun da kinka yi tare da mu a atiliye bayan makaranta, ban taɓa yaba miki a fili ba. Ina bin waldarki bayan kin tashi, in ɗauki guduma in buga, ina neman inda zan yi gyara. Ban samu ba, ko sau ɗaya. Ya kamata in gaya miki tun kina nan.

Jiya da hantsi ina ƙarƙashin wani amalanke, na miƙa hannu ba tare da na duba ba na ce, "Saratu, ba ni filaya." Ba wanda ya amsa. Can sai Haruna ya zo ya sa mini ita a hannu, ya ce, "Maigida, yanzu Saratu ake miƙa wa kayan aiki."

Ubangiji ya kiyaye ki daga haɗarin hanya da na wuta da na ƙarfe. Ya tsare idanunki da hannuwanki, ki dinga sa gilashin walda ko aikin minti guda ne. Ya ba ki hikima a gaban manya, da tausayi ga waɗanda ke ƙarƙashinki. Ki nemi majami'a, ki gaida maƙwabta kowace safiya. Allah ya sa mu gana da alheri.

Babanki mai godiya ga Allah dominki,
Iliya